Kashin Ƙuda a Taswirar Ruwa

Ba gaisuwa ce ta kawo Syombua gida a wannan karon ba, ko da yake ta yi gaisuwar, har da sukari da ganyen shayi. Gora ce ta kawo ta. A cikin gorar akwai irin dawar mahaifiyarta Nzilani, wata jar dawa mai gajeren kara wadda ba ta jin tsoron fari. Nzilani ta gaje ta daga tata uwar, ta yi ta shuka ta har Allah ya karɓi abarsa. Duk ƙauyen nan nasu na Makueni babu wanda ya saura da ita. Wasu sun dafe irinsu a shekarar yunwa, wasu sun koma masara tun tuni. Gora ɗaya tak ta rage, rataye a saman murhu, kuma an daɗe ba a kai ta gona ba. So take ta ga ko irin yana da sauran rai.

Tana sauka daga boda, wato babur ɗin haya, Goggo Kalondu, ƙanwar babanta mai dafa masa abinci tun da ya zama gwauro, ta leƙo daga madafa ta ce a yi maza a kwashe shanya, ga likitar gajimare ta iso. Sama kuwa fes take, ko ƙyallin hadari babu. Haka Goggo take, bakinta ba ya hutu. Shi ko Kivuva, mahaifin, dogara sanda ya yi ya taso yana dariya yana kiran “Uwata”, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya rame. Syombua ta ga haka, ta kau da kai ta shiga tambayar awaki.

Ko muthokoi, surfaffiyar masara da wake da aka zuba mata, ba ta gama ci ba ta sa aka sauko da gorar. Ta zare toshiyar, ta zazzage tafi ɗaya, ta hure tokar da aka cuɗa shi da ita saboda ƙwari. Ƙwayoyin na nan jajur, kamar jiya aka sussuke su. Ta jiƙa guntun buhu, ta baza su a kai, ta ninke, ta ajiye a inuwa kusa da randa. Goggo na tsaye tana mita, wai ruwan da jaki ya sha wuya kafin ya ɗauko daga ramin rafi shi ne za a shayar da buhu. Kivuva ya leƙo ya dubi buhun. Ya dai tambaya kwana nawa ake jira, ta ce ba zai kai mako ba.

Daga inda take tsugune tana hango taswirar da ta ba babanta ta ƙofar ɗaki, a bango, tsakanin kalandar coci da hoton auren iyayenta. Tun da ta shigo gidan take gudun haɗa ido da ita.

Aikin Syombua a Nairobi yana da wuyar bayani a ƙauye, shi ya sa ta daina gwadawa. A ƙasashe daban-daban akwai masana da suka gina duniya ta kwaikwayo a cikin manyan kwamfutoci, da tekunta da iskarta da gajimarenta. Sai su ƙara mata hayaƙi kamar yadda mutane ke ƙara wa ta gaske, su sake ta ta yi gudu zuwa ƙarshen ƙarni, su ga yadda zafi da ruwa za su kasance. Kowace ƙungiya da tata duniyar, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Ita Syombua tattaro sakamakonsu take yi, ta haɗa, ta fitar da tsaka-tsaki, ta zana a taswira. Shuɗi na nufin ruwa zai ƙaru, ƙasa-ƙasa na nufin zai ragu. A wajen aikinsu kuma akwai ƙa'ida: duk inda kwamfutocin suka yi saɓani sosai, wasu na cewa ƙari wasu na cewa ragi, sai a yayyafa baƙin ɗigo a wurin. Ɗigon yana gaya wa mai kallo ya bi launin nan a hankali.

Lokacin da take gab da gama digirinta na uku ta zo hutu da taswirar farko da ta buga, tana ɗoki. Yankinsu ya fito shuɗi, amma cike da ɗigo. Kivuva ya riƙe takardar nesa da ido, ya kawo ta kusa, sannan ya sa farce yana kankara. Ya ce ashe har a Nairobi ƙuda bai san girman boko ba, ga shi ya yi mata kashi a kan aiki. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Syombua ma ta yi, amma abin ya sosa mata rai, ka san mai sabon ilimi ba ya son a taɓa masa shi. Da ta tashi yin wadda za ta ba shi kyauta ranar bikin kammalawa, mai gilashi da katako, sai ta cire ɗigon. Danna maɓalli ɗaya ne. Taswira ta fito tas, shuɗi shar tun daga tsaunukan Mbooni har gangaren Kibwezi.

Ranar, a gaban dangi, ya ɗora yatsa a kan ƙauyensu ya tambaye ta me shuɗin yake nufi. Ta ce ruwa zai ƙaru, Baba. Aka yi guɗa. Ba ta ce a ƙarshen ƙarni ba, lokacin da shi da ita duk sun zama ƙasa. Shekarun na rubuce a can ƙasan takardar da ƙananan haruffan da idonsa ba ya gani. Ba ta ce ɗan murabba'i ɗaya a taswirar ya haɗiye tudu da kwari da dajin ƙaya gaba ɗaya ba. Ba ta ce kwamfutocin gardama suke yi ba. Ana yanka akuya, ana rawa, wa zai tsaya karatu? Ƙarya dai ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya, don da ƙarya ce da ta san sunan laifinta.

Gonarsu kuwa tun tana yarinya a rabe take gida biyu. Duk gabatowar damina sai an yi gardama a gidan nan. Kivuva mutum ne mai kyakkyawan zato ga sama, kullum cewa yake bana ruwa zai yi yawa. Nzilani ta ce bana ma kamar bara, kada ya yaudari kansa. Ba wanda ke sakar wa wani. Ƙarshenta shi ya shuka masararsa a gangare, ita ta shuka dawarta a tudu, kowa yana jiran ranar da zai yi wa ɗan'uwansa dariya. In ruwa ya yi, a ci masara ana tsokanar Nzilani. In ya ƙi, a sha kunun dawa ana tsokanar Kivuva. Bayan rasuwarta ma bai fasa ba, shi da kansa yake shuka mata tudunta, yana yi yana gunaguni kamar tana jin sa.

Daminar da ta biyo bayan taswirar ce ya shuke gonar duka da masara. Ya gaya wa Syombua a waya, da murnarsa. Tana tsakiyar shirin wani taro, ta ce to Baba, Allah ya ba da sa'a, da niyyar za ta kira shi su yi maganar a tsanake. Ba ta kira ba. Shekarar ruwa ya yi daidai gwargwado, masara ta yi kyau, sai maganar ta zama ba ta da wurin shiga. Daga nan damina ta fara zuwa a makare tana tafiya da wuri, wata bayan wata. Masara ta riƙa bushewa tun tana kai gwiwa. Duk da haka Kivuva bai sauko da gorar ba. In maƙwabta sun yi magana sai ya ja su ɗaki ya nuna musu bango, ya ce ruwan na hanya, 'yarsa ta gani a na'ura. Syombua na aiko da buhun gari daga birni, tana gaya wa kanta cewa in ta zo Kirsimeti za ta yi bayani. Kirsimeti nawa aka yi, ita ma ba ta son lissafawa.

Kullum da safe takan buɗe buhun ta yayyafa ruwa. Ƙwayoyin suka kumbura, zuciyarta ta ɗan tashi. Kumburin banza ne. Da aka kwana biyu sai suka fara yauƙi, farin fumfuna ya rufe su, wani tsami na tashi. Ta ce wataƙila na bakin gorar ne zafin murhu ya kashe. Ta juye gorar a faifai, ta ɗebo na can ƙasa, ta sake jiƙa wani buhun, ta ƙara kwanakin hutunta. Wannan karon Goggo ba ta yi mitar ruwa ba, ita ce ma ke tuna mata lokacin yayyafi. Da mako ya zagayo Syombua ta buɗe, ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Ko ɗaya bai tsaga ba.

Ta daɗe a tsugune. Baƙin ciki ya kama ta, da kunya, irin kunyar da ba ta da inda za ka ajiye ta. Garin neman gira ta rasa ido: don kada a sake kiran aikinta kashin ƙuda, dawar da ta ratso kaka da kakanni ta mutu a cikin gora a saman murhun gidansu.

Ta shiga ɗaki ta ciro wata takarda daga jakarta, taswirar asali, mai ɗigo. Tun daga Nairobi ta zo da ita, tana fatan ba za ta buƙace ta ba. Ta sami Kivuva a gindin tsamiya yana gyara igiyar jaki. Ta ajiye masa buhun a gabansa, ya duba, ya gyaɗa kai. Sannan ta miƙa masa takardar. Ya riƙe ta nesa, ya kawo ta kusa, har ya ɗaga farce, sai ya tuna, ya yi murmushi.

“Baba, ba ƙuda ba ne,” in ji ta. “Ni na goge su daga taka.”

Ta yi masa bayanin da ya kamata ta yi tun ranar akuya. Ta gaya masa shekarun da taswirar ke magana a kai. Ta gaya masa kowane ɗigo wuri ne da kwamfutocin suka kasa shiryawa, wasu na cewa ruwa, wasu na cewa fari, kuma ƙauyensu na tsakiyar ɗigon. Haka ta yi ta bayani har ta kai ƙarshe. Ta so ya yi faɗa, ya fi mata sauƙi.

Bai yi ba. Ya bi ɗigon da yatsa a hankali.

“Wato a cikinsu akwai masu ra'ayin uwarki,” ya ce.

Ta ce akwai.

Jakin ya gaji da jira ya ja igiyarsa ya matsa. Da Kivuva ya sake magana, ba ita yake kallo ba, tudun gonar yake kallo, inda kabarin Nzilani yake a gindin mangwaro.

“Uwata, kada ki ɗauke kayan nan ke kaɗai, ba naki ba ne duka. Tun da na auri matar nan muke gardamar ruwa, ban taɓa kayar da ita ba. In ta faɗi bana, sai ta ce mu haɗu baɗi. Ranar da kika kawo takardar nan, da baƙi suka watse, can na tafi da ita a hammata. Na nuna mata. Na ce to Nzilani, ga 'yarki da bakinta, ga na'urorin duniya duka, ni ne da gaskiya.” Ya goge ido da bayan hannu. “Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye miki ba. Ko da fari ya zo na san ya kamata in sauko da gorar. Amma in na sauko da ita, sai in koma can in ce mata me?”

Syombua ta matso. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar tana ƙarama, suka yi ta kallon tudun, fili fetal, sai kututturen masarar bara.

Goggo Kalondu ce ta katse su. Ta fito da faifan a hannu, sauran irin na ciki, ta tambaya a yi yaya da shi, tun da dai ba zai tsiro ba kuma ita ba ta iya zubar da abinci. Kivuva ya ce a niƙa.

Ta wanke tokar, ta shanya, ta niƙa a dutse, don ta ce injin kasuwa zai haɗa shi da garin masarar mutane. Washegari da safe ta dama kunu. Ya fito ja, da ɗan ɗacin nan a ƙarshen harshe wanda Syombua ta manta tana kewarsa. Kofi uku ya cika, da ɗan saura a gindin tukunya. Goggo ta kai baki, ta ce gishirin rayuwa, ashe haka yake, sannan ta juya musu baya tana hura wutar da ba ta buƙatar huri.

Kivuva ya sha rabin nasa a hankali. Sai ya tashi ya ɗauki sandarsa, ya riƙe kofin da ɗaya hannun, ya sa taswirar mai ɗigo a hammata. Syombua ta miƙe za ta raka shi, ya ce ta zauna ta gama kununta kada ya huce, maganar tsakaninsa da uwarta ce. Ta zauna tana kallonsa yana hawa tudun, yana tafiya a hankali don kada kunun ya zube.