Katin Ƙaramar Tagwaye

Katin jarrabawa ɗaya tak aka miƙo wa Mai Walda ta tagar ofishin rajista, alhali 'ya'ya biyu ya yi wa rajista. Tagwaye ne, kuma gobe da safe za su zauna jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Wadda ba ta da kati, ko ƙofa ba za ta wuce ba.

"Ina na ƙaramar?"

"Baba, abin da kwamfuta ta fitar ke nan," in ji matar da ke taga, ta kira na bayansa.

Ransa ya ɓaci. Ya zagaya ya tura ƙofar da aka hana shiga, tagwayen na biye da shi, kunya kamar ƙasa ta tsage su shige. A ciki ya tarar da mai kwamfuta, fanka na kaɗa masa, takalmansa a tuɓe.

Mai kwamfuta ya juyo masa da allo. Ya ce rajista kashi biyu ce a cikin na'urar: ta waya daban, ta ofis daban. Mutane da yawa sun yi duka biyun, shi ya sa ya rubuta wa kwamfuta umarni ta tsamo daga ta ofis waɗanda babu su a ta waya kawai. Duk wanda sunan mahaifinsa, ranar haihuwarsa da lambar wayarsa suka zo daidai da na wani, maimaici ne, a bar shi.

Nan Mai Walda ya gane. Babbar ta waya aka yi wa, sai intanet ta ɗauke, ya kawo ƙaramar ofis da ƙafarsa.

"To sunan yarinyar fa? Ka duba shi?"

"Na ga ukun nan sun isa, Baba."

"Sun isa! Uba ɗaya, ga ni. Rana ɗaya, je ka tambayi uwarsu, ita ta sha wuyar. Waya ɗaya, ga ta nan, gilashinta a fashe. Amma kwano biyu ake zuba musu a gidana! Ɗaga kai ka dube su. Wace ce maimaicin?"

"Baba, don Allah ka rage murya," in ji babbar.

"Ke yi shiru, ai ke kwamfuta ta san da zamanki."

Mai kwamfuta ya dube su, ya laluɓi takalmansa da ƙafa. Ya ƙara sunan ɗaliba a cikin umarnin, ya danna. Sunan ƙaramar ya fito, amma ba shi kaɗai ba. Wasu sunaye suka jeru a ƙarƙashinsa.

Aka buga katin, ƙaramar ta karɓa hannu biyu.

"Baba, mu tafi," in ji ta.

Mai Walda ya jawo kujera ya zauna, ya nuna allon da yatsansa mai tabon wuta.

"Waɗannan ma suna da iyaye. Ɗauki waya, ɗana. Ina nan har ka kira na ƙarshe."