Sunan Da Aka Ba Kotu

Hajiya Zuwaira tana tsince shinkafa a tsakar gida Talha ya shigo ba sallama, shi da ko ɗakin da ba kowa sai ya yi. Ya tsaya a kanta.

"Umma, maganar Aujara ta fito."

Hannunta ya tsaya a cikin farantin. "Wace magana?" Ta tambaya ne kawai, ta riga ta sani.

"Mutanen Kanada sun ce ba biza sai da shaidar ba a taɓa hukunta ni ba. Na je an ɗauki hoton yatsuna, an duba. Sunana yana nan. Tuƙi cikin maye."

Talha nas ne, autanta. Wani asibitin tsofaffi a can ya ɗauke shi aiki, har rigunan sanyi ya saya a gwanjo. Bizar ce ta rage.

"To ba an biya tara ba?" ta ce. "Malam ya ce an rufe maganar."

"A nan gidan aka rufe ta, Umma. Su ba su rufe ba."

* * *

Shekarun baya ne, ana ƙarshen damina. Abdulrauf, ɗanta na fari, ya ɗauki motar mahaifinsu Malam Maharazu zuwa bikin abokinsa a Jahun, ya tafi da Talha. A dawowa da yamma, daf da Aujara, ya afka wa amalanken wani manomi. Sa ɗaya ya mutu nan take, manomin ya rasa ƙafa. Motar kuwa tana warin giya, ga kwalabe a ƙarƙashin kujera.

Mahaifinsu suka fara kira kafin kowa. Bai tambayi halin da manomin yake ciki ba. Cewa ya yi wanda zai gaji makarantar gidan ba za a haɗa sunansa da barasa ba, Talha ya koma kujerar direba kafin 'yan sanda su iso. Ai yaro ne, mutane za su ce ƙuruciya.

Ranar kotu Hajiya Zuwaira da kanta ta gyara wa Talha hula. "Duk abin da aka karanta maka ka amsa, a gama da wuri." Ya amsa. Ba wanda ya shinshini bakinsa. Aka biya tara, aka kai wa manomin buhunan gero, dattawa suka shafa fatiha. Lissafin kowa shi ne takardar kotu gara za ta cinye.

A unguwarsu ta Yalwawa ana kiran irin wannan rufin asiri, ana kuma yabon gidan da ya iya shi. Ba a cika tambayar wa aka sa a ƙasa aka danne ba.

* * *

Washegarin ranar da Talha ya kawo mata labarin, Hajiya Zuwaira ta sa mayafi ta nufi makarantar. Tun rasuwar Malam, Abdulrauf ne ke riƙe da ita. Ta same shi a ofis, ya miƙe da sauri ya ba ta kujera. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, yau ma ba ta kira ba.

"Malam Ƙarami, lauya ya gaya wa ƙaninka hanya uku ce. Ya ɓoye, in an kama shi a haramta masa ƙasar. Ya amsa, wataƙila a hana shi. Ko kuma wanda ya yi tuƙin ya je kotu ya rantse shi ne."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya leƙa taga.

"Umma, ki rage murya."

"Na rage ta tsawon shekaru."

"Kin san abin da kike cewa? Ƙarya aka yi wa kotu. Ni za a ɗaure, shi ma ba zai tsira ba, ga sunan Malam yana kabari. Gobe iyaye su kwashe 'ya'yansu. Matata Radiyya fa, in ta ji wanda ta aura?" Ya ajiye carbinsa a kan tebur. "Wallahi tun ranar ban sake kai giya bakina ba."

"Ban zo tambayarka wannan ba."

"A yi masa addu'a. In rabonsa ne zai je. Kuma me ma ake nema a ƙasar sanyi? Ga Saudiyya, ga asibitocinmu nan."

Ta dube shi sosai. Ba taurin kai ta gani ba, tsoro ne, irin wanda ya kwana a cikinta ita ma. Ta zo ne da niyyar in ya ƙi za ta ce ita za ta je ta faɗa. Sai ta hango shi da ankwa a hannu, matan unguwa suna leƙowa ta katanga. Ta fasa faɗa. Ta gyara mayafi ta fita.

Talha yana zaure yana jiranta. Da ya ga fuskarta bai tambaya ba.

"Zan faɗa musu an hukunta ni," ya ce. "Wannan dai gaskiya ne."

"Ka ƙara da cewa ba kai ba ne."

"Da shaidar wa, Umma?"

Ta wuce shi ta shige cikin gida.

* * *

Amsar bizar ta iso wa Talha wata Laraba bayan azahar. Ya karanta a wayarsa, ya kifa ta a kan tabarma, ya ce an hana, asibitin kuma ba zai jira ba. Ya ci tuwonsa har ya suɗe kwano, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ta so ya yi faɗa, ko ya fasa wani abu.

Da aka kira la'asar ya yi alwala ya fita. Ta bi bayansa har bakin zaure, don ba ta san abin da zai yi in ya haɗa ido da yayansa a gaban jama'a ba. Daga nan ana hango masallacin ƙofar gida. Abdulrauf ya shige gaba, ya juyo ya ce a daidaita sahu. Talha ya cire takalmansa, ya matsa ya haɗa kafaɗa da na kusa da shi, ya ɗaga hannu ya bi.