Hular Kwano a Hannun Babur

Tankari ɗan Maradi ne, tsohon ɗan tseren babur. Yanzu sarin kayan gyaran babura ke kawo shi Guangzhou ta ƙasar Sin, garin da aka hana babur shiga tsakiyarsa. A shagon da yake sari, talabijin ɗin mai shagon kullum abu ɗaya take nunawa: wani babur da aka rufe ruf da ƙarfe, dogo kamar kifaffen kwalekwale, yana tsaga farin filin gishiri shi kaɗai.

"Ya fi naku gudu," in ji mai shagon.

Tankari ya taɓe baki. "Laoban, maigida, gudun da ba a ganin mai shi? Wa zai bar aikinsa ya zo kallon gwangwani?"

Abin da ya koya wa ƙanensa Harouna ke nan tun a gida: babura biyu a jere, kwalta miƙaƙƙiya, jama'a dama da hagu. Ɗan kallo fuska ya zo gani, ya ga idon wanda tsoro zai fara kamawa. Harouna ya riƙe karatun nan fiye da malaminsa.

Sai girma ya zo wa Tankari da tsoro. Ya sayi hular kwano mai gilashi, bai yarda ta bi kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu ba, ya ba Moussa, abokin fatauci mai komawa ta jirgin sama, ya kai hannu da hannu. Ya roƙi Harouna a waya ya riƙa sa ta.

Yana cikin shagon da hantsi ƙanwarsu Balkissa ta turo bidiyo, ba ta rubuta komai ba. Ga Harouna, kai a buɗe, yana dariya. Hular tana rataye a hannun babur na dama, yadda matasan Maradi ke yi, a ga tsarabar Sin, a kuma ga fuska. Shi da abokin tserensa suka tashi, jama'a suka ɗauki sowa. Can gaba amalanken shanu ya fito daga hanyar gona. Harouna ya kai yatsu ga birki, hular ta riga shi, ta toshe wurin. Ya afka wa amalanken.

Mai ɗaukar bidiyon bai kauda waya ba. An ga fuskar Harouna sarai, har numfashinsa na ƙarshe. Tankari ya zauna kan kwali.

A talabijin, gwangwanin nan ya tsaya. Aka ɗaga murfi, wani mutum mai furfura ya fito da ƙafafunsa. Ba wanda ya tafa masa.