Cibiyar Suhaila a Saint-Fons

Cibiyar Suhaila ta faɗi da hantsi, ana cikin shafa mata mai bayan wanka. Kafin Rakiya ta miƙa hannu, Gwaggo Halimatou ta riga ta tsince ta, ta ƙulle a bakin ƙyalle, ta cusa a lalitarta. Gwaggo ƙanwar mahaifin Rakiya ce. Daga Bobigny ta taso, inda take zaune wajen ɗanta, ta hawo jirgin ƙasa har Lyon don ta yi zaman jego, tun da mahaifiyar Rakiya tana can Damagaram ba ta samu zuwa ba. Irin matan nan ce da sai sun gama yanke magana sannan su tambaye ka ra'ayinka, don dai kada ka ce ba a ji ta bakinka ba.

"Bayan arba'in zan je gida," in ji ta. "In kai wa Hajiya uwarki, a binne bayan ɗakin da aka binne taki cibiyar. Ko ba haka ba?"

Rakiya ba ta ce haka ne ba. Kowa ya sani, inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu, kuma ita ta daɗe da yanke nata. Tun da ta gama karatun kimiyyar sinadarai a Lyon take aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'anta a Saint-Fons, nan ta yi aure, nan ta haihu. Ta ga jikokin Gwaggo na Bobigny, waɗanda cibiyoyinsu ke kwance a Birnin Damagaram. In sun je can a kira su ƴan Faransa, in sun dawo nan a tambaye su daga ina, su kama kallon sama. Ba ta son ƴarta ta tashi tana inda-inda a kan sunan garinsu.

Da ta faɗi haka, Gwaggo ta ja labulen taga ta nuna mata bututan hayaƙin da suka jeru a bakin kogin Rhône.

"Wannan ne gari? Bar ma zancen wari. Sunansa fa? A Paris na ga irinsu, Saint-Denis, Saint-Ouen, duk waliyyan Nasara ne, kowa da cocinsa. Ni ba zan sa cibiyar ƴar Musulmi a ƙasar wani Fons da ban san ubansa ba."

Ilya, mijin Rakiya, da ya ji an taɓo waliyyai, sai ya tuna yana da aiki a waje. Rakiya kuwa ta ci gaba da shan kununta. Mai jego ba ta fita, amma arba'in na tafe.

Ranar yawon arba'in ta faɗo jajibirin komawar Gwaggo. A gida da gidajen dangi za a bi ana nuna jaririya. A nan babu dangi, don haka Rakiya ta goya Suhaila ta ce garin za su gaisar. Suka fara da kasuwar dandali. Karim mahauci ya goge hannu ya leƙo goyon ya yi addu'a, wata tsohuwa ƴar Portugal mai sayar da ganye ta rantse hancin uban ne, direban bas ma sai da ya ɗaga hannu. Gwaggo na biye tana amsa gaisuwa da ka, bakinta a tsuke.

Suka hau tudun unguwar Clochettes, inda ake hango kwarin gaba ɗaya. Rakiya ta shiga ba ta labari, da muryar wanda ke nuna gonarsa. Da can wurin ƴar ruga ce ta garin Vénissieux a bakin hanyar kudu. Sai masu haɗa rini da sinadarai suka sauka kusa da kogi, saboda masaƙan siliki na Lyon. Ma'aikata suka yi ta zuwa, daga ƙauyukan Faransa, daga Italiya, daga Spain, daga baya daga Aljeriya, har wurin ya yi ƙarfi ya balle ya zama garin kansa a 1888.

"Ashe duk baƙi ne," in ji Gwaggo.

"Duk baƙi ne, Gwaggo. Jikokinsu ne kika gaisa da su a kasuwa, ba wanda zai ce miki shi baƙo ne."

Gwaggo ta gyara mayafi. "Bon. Na ji. Yanzu kai ni kabarin waliyyin in gani."

Rakiya ta kai ta gefen gari, inda ake ba mazauna ƴan filaye su yi garka. Nata na ƙarshen layi, da yakuwa da kuɓewa da ƴan tumatir da Ilya ya kusa kashewa da ban ruwa. Ta ajiye wa Gwaggo kujera, ta kwance goyo, sannan ta ce, "Babu kabari, Gwaggo. Babu waliyyin ma."

"Kamar yaya babu?"

"Tsofaffin garin sun ce ba a taɓa yin wani mutum mai suna Fons ba. Asalin sunan wai cent fonts ne. Cent, ɗari. Fonts, idon ruwa, a tsohon Faransanci. Ruwa ne ke tsattsafowa daga gindin tudun nan ta ko'ina. Da baki ya yi ta juya sunan, sai masu rubutu suka ɗauka saint ake cewa, wato waliyyi, suka ɗora wa garin waliyyin da ba a haifa ba."

Gwaggo ta ɗago kai. "Idon ruwa ɗari," ta maimaita a hankali. "A gari guda?"

To, wanda bai yi zaman Damagaram ba zai ga kamar ƙaramar magana ce. Gwaggo ta yi ƙuruciyarta tana bin layin pampo da bidon ruwa a ka, ta san ranakun da pampon zai yi ta shaƙar iska, ƴan garuwa su zama sarakai, a yi wanka da abin da bai cika ƙwarya ba. Duk shekarunta a Bobigny ba su hana ta tara ruwa a robobi a ƙarƙashin gado ba, surukarta ta yi magana har ta gaji. Mace irin wannan ba a faɗa mata sunan gari irin wannan ta zauna daidai.

Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gindin yakuwa, ta ƙi karɓar ƴar fartanyar da Rakiya ta miƙo. Da yatsu ta tona. Ƙasar ta buɗe ba gardama, baƙa, mai sanyi, tana manne mata a farce. Ta damƙi kaɗan ta matse, ta ga ta dunƙule. Sai ta ciro lalita, ta kwance ƙullin, ta yi bisimilla ta sa cibiyar, ta mayar da ƙasa ta danne da tafin hannu.

"Allah ya zaunar da ita lafiya a garinsu," ta ce. Ta karkaɗe zane. "Amma ke za ki gaya wa uwarki. Ni ban iya ba."

Rakiya ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ba ta ɓoye ba. Nan take ta ciro waya ta kira Damagaram. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mai jego da jaririya da sanyin Faransa. Kafin ta shiga maganar, Hajiya ta riga ta.

"Ki ce wa Halimatou kada ta manta da saƙona. Bayan ɗakin nan ya bushe ƙwarai, to tun ranar suna kullum nake rage ruwan alwalata ina zubawa a wurin. Yanzu ya yi taushi, da hannu ma sai a tona."

Abin ya soki Rakiya, sai da ta dafa kafaɗar Gwaggo.

"Inna, mun binne ta a nan."

Ta wayar ana jin kukan akuya daga can tsakar gidan. Da Hajiya ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Da ruwa a garin?"

"Da ruwa, Inna. Sunansa ma ke nan."

"To," in ji Hajiya. "Allah ya raya ta. Ni kuma sai in shuka wani abu a wurin, kada ruwan ya tafi a banza."