Sau Nawa Ka Yi Rawa?

"Sinima fa? Sau nawa a watan jiya?" Nieves ta tambaya.

"Sau huɗu," in ji Fermín, yana gyara zama a keken guragunsa.

Ƙarya yake yi. Rabonsa da sinima tun kafin ya faɗo daga saman gini, shekara shida ke nan. Amma Amparo makauniya na teburin gefe tana jiran a zo kanta, karen da ke yi mata jagora na kwance a ƙafarta. Shekara biyu yana saya mata kofi a cibiyar naƙasassun nan ta birnin Salamanca, bai taɓa iya faɗa mata abin da ke ransa ba. Ba zai yarda ta ji cewa daga gida sai cibiya ba.

Nieves, ɗalibar da aka turo ta auna yadda suke shaƙatawa, ta rubuta huɗu.

Sai ƙaryar ta fara yi masa daɗi. Ninƙaya, sau takwas. Kallon ƙwallo, duk Lahadi. Kamun kifi a kogin Tormes, har da ware hannuwa yana nuna girman kifin. Dariya na cin sa yana dannewa.

"Rawa?"

"Duk Asabar."

"Da wa?"

Fermín ya hau sosa gemu.

"Da ni," in ji Amparo, ko juyowa ba ta yi ba. "Rubuta, 'yata. Sai dai bai taɓa zuwa ba. Kifin ma a kanti yake kama shi."

Nieves ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa don dariya. Kunya ta rufe Fermín.

"Haba Amparo, da wace ƙafar zan yi rawa?"

"Ni da wane idon zan ga ka yi kuskure? Ka ja gaba, in riƙe bayan keken. Asabar, ƙarfe shida na yamma, zauren unguwa. Kuma ka aske gemun nan, tun ɗazu nake jin kana sosa shi."

Nieves ta share hawaye, ta zaro sabuwar takarda. "Mu sake, amma gaskiya."

Sinima, babu. Ninƙaya, babu. Ƙwallo, a talabijin. Ya dinga jero "babu", bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

"Rawa?"

"Yaushe za ki miƙa takardun nan?"

"Litinin."

"To bar gurbin nan tukuna. Ki buga min waya Lahadi da safe."

"Da rana," in ji Amparo. "Zai makara."