Takardu Uku na Adama

Ranar kasuwar Kachia, Bobbo ya bar shanunsa ya zo makaranta jin sakamakon 'yarsa Adama. Malama Jacinta ta shimfiɗa masa takardu uku, don jarrabawa uku yaran suka zana a mako guda. Ta farko ta ce Adama ta yi zarra, ta biyu ta ce da dama-dama. Ta uku ta ce ta faɗi, saboda ranar tana wani aji tana rubuta ta farkon.

Bobbo ya ture takardun gefe. "Malama, ban iya boko ba. Ke kike tare da ita kullum. Tana ganewa kuwa?"

Duk zangon nan gadin jarrabawa Jacinta ta yi. Rabonta da jin karatun Adama har ta manta.