Zinariya, Azurfa, Mutuwa

Liwayway ta diro daga babur mai ƙafa uku tun bai gama tsayawa ba, naɗin takardar zane a hammata. Ga makarantar nan tsaye, gini na farko da ta zana a rayuwarta, kuma a garinsu, Masantol, inda ambaliya ke korar yara daga aji kowace damina. Ta ɗora azuzuwan bisa ginshiƙai don ruwa ya bi ta ƙarƙashi, ta buɗe manyan tagogi iska na ratsawa, ta hana a sare tsohon mangwaron tsakar fili. Murna kamar ta kashe ta.

Fili ya cika maƙil, ana ta kiɗa, amma ko yaro ɗaya bai hau sama ba.

"Me ake jira?" ta tambayi Baba Doro, shugaban magina.

"Kaka Sinang, dattijuwar gari, za ta ƙirga matakala."

Sai a lokacin ta tuna. Nan garin ba a shiga sabon gini sai an ƙirga matakai uku-uku: zinariya, azurfa, mutuwa. In na ƙarshe ya faɗa kan mutuwa, to ko da bulala ba uwar da za ta bar ɗanta ya hau. Ita kuwa goma sha biyu ta zana, daidai tsawon da ruwa ke kaiwa, na ƙarshe zai faɗa kan mutuwa ke nan. Lissafin birni ya mantar da ita na gida. Abin takaicin, makon jiya ta iske Baba Doro ya ƙara wani ɗan mataki a ƙasa, ta sa shi a gaba da faɗa a gaban ma'aikatansa, ta ce a fasa shi tun da ba ya cikin zane.

"Baba, mun shiga uku," ta raɗa masa. "Rumfar ledar da suke karatu a ciki yaran nan za su koma!"

"Au, da ke da digirinki? Ni ai jahili ne, siminti kawai na sani."

"Don girman Allah, Baba."

Ya ɗauki tsintsiya, ya ce bai kamata tsohuwa ta taka datti ba, ya shiga share yashin da ke gindin matakala. Sai ga matakin da ta ce a fasa ya fito, lafiya ƙalau, ko kwarzane babu.

Kaka Sinang ta ɗora sandarta a kansa. "Zinariya!" Jama'a suka amsa. "Azurfa! Mutuwa!" Tana hawa tana haki, yara na taya ta da ihu, Liwayway na bi tana ƙirgawa da yatsu. Tsohuwa ta dire ƙafa a kan baranda, ta juyo.

"Zinariya!"

Wuri ya kaure da sowa. Yara suka kwasa sama a guje, wasu na leƙowa ta tagogi suna kiran iyayensu su ga har kogi ake hangowa.

"Ke 'yar nan," in ji Kaka Sinang, ta kama kuncinta, "ashe birni bai lalata ki ba. Kin san abin gida."

Liwayway ta waiga. Baba Doro na can ya duƙufa kan sharar da ta riga ta ƙare. Kunya ta rufe ta. Ta sauko, ta shimfiɗa takardar a kan matakin, ta zaro fensir daga gashinta, ta miƙa masa.

"Baba, akwai kuskure a zanen nan. Gyara mini."